Awon haɗaka: lissafin da ya kamata a yi tun annoba ba ta iso ba

Ranar 30 ga watan Janairu na shekarar 2025, hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba da sanarwar cewa Nijar ta rabu da makantar kogi, cutar nan da ta daɗe tana korar manoma daga ƙasa mai albarka a gaɓar Sirba da Tapowa da Mekuru. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu wannan shaida, ta biyar kuma a duniya, bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatemala. An yi jawabai, an yi murna, kuma murnar ta cancanta. To amma akwai tambaya guda da ba a cika tsayawa a kanta ba: da wace hujja ake tabbatar da cewa cuta ta ƙare a cikin ƙasa mai faɗin Nijar? Amsar tana ɗauke da darasin da ya shafi baitulmali, ya shafi aljihun talaka, kuma bai kamata ya tsaya a bakin kogi ba.

Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ke ɗaukar tsutsar cutar daga mutum zuwa mutum. Bisa ƙa'idar da OMS ta shimfiɗa a 2016, ba a ba wata ƙasa shaida sai an kamo ƙudan nan aƙalla 6000 a yankin da ake bincike, an kuma nuna cewa masu ɗauke da tsutsar ba su kai ɗaya cikin 2000 ba. Masu kamun kan zauna a bakin ruwa da ƙafafu a buɗe, ƙuda na sauka su rufe shi da ƴar kwalba kafin ya ciza. Da za a auna ƙudan ɗaya bayan ɗaya, babu ɗakin awon da zai ɗauki nauyin aikin. Abin da ake yi shi ne a cire kawunansu, domin a kai ne tsutsar da ta isa kama mutum take zama, a haɗa su ɗari-ɗari ko fiye, a niƙe, a yi wa kowane ƙunshi awo guda. Ƙuda 6000 sun koma awo 60 ke nan. Wannan shi ne awon haɗaka, kuma hujjar da duniya ke yarda da ita wajen makantar kogi ba ta tsayuwa sai da shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma ba likita ne ya tsara ta ba. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Amurka tana ɗaukar samari miliyoyi aikin soja, kuma kowane ɗaya sai an auna jininsa don neman ciwon tunjere. Wani masanin tattalin arziki mai suna Robert Dorfman, wanda daga baya ya koyar a jami'ar Harvard, ya lura cewa mafi yawan awon nan asara ce, tunda mafi yawan samarin lafiyarsu lau. Sai ya ba da shawarar a ɗibi kaɗan daga jinin mutane da yawa a zuba cikin kwalba guda a auna. Idan kwalbar ta fito da tsabta, an wanke su duka da awo ɗaya. Idan ta nuna cuta, sai a koma ga sauran jinin kowanensu a auna daban, a gano mai ita.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen wake a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san wannan lissafi, ko da bai taɓa jin sunan Dorfman ba. Buhu goma ne a gabansa, rana tana yi, mota tana jira. Ba zai zazzage kowane buhu a tabarma ba. Zai ɗebo hannu guda daga kowane, ya zuba a faifai ɗaya ya duba. In babu ƙwaro, goman sun wuce. In ya ga ƙwaro ko ɗaya ne, sai ya koma ya bi buhunan ɗaya-ɗaya. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a nan ɓatawar ce amfanin: ita ke nuna inda za a koma a bincika.

Ribar tana rataye ne kan abu guda, wato yawan masu cutar a cikin waɗanda ake aunawa. A ɗauki mutum 1000, a ce 1 cikin 100 ne ke da cutar. Idan aka haɗa su goma-goma, za a yi awo 100 a zagayen farko. Ƙunshi kamar 10 ne za su nuna cuta, sai a sake yin awo kamar 100 a kan mutanen da ke cikinsu. Jimilla awo kusan 200 maimakon 1000: kashi 80 cikin 100 na kayan awo sun tsira. Idan masu cutar sun kai 5 cikin 100, ƙunshin da ya fi dacewa shi ne biyar-biyar, kuma za a yi awo kusan 430. Idan sun kai 10 cikin 100, sai a koma huɗu-huɗu, awo kusan 590. A 20 cikin 100 an kai 820, ribar ta zama ƴar kaɗan wadda ba ta biyan wahalarta. Da an kai 30 cikin 100 kuwa, kusan babu sauran riba, domin mafi yawan ƙunshin za su fito da cuta, a yi aiki biyu a kan abu ɗaya. Wannan lissafi ne da ɗalibin ajin ƙarshe na lise zai iya yi a allo, kuma shi ne duka sirrin abin.

A zamanin Dorfman shawarar ba ta yi nisa ba wajen awon tunjere, saboda awon wancan lokaci ba shi da kaifin da zai ga cuta bayan an sirka jinin mai ita da na masu lafiya. Abin da ya sauya al'amarin shi ne awon da ake kira PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ya ci kyautar Nobel a 1993. Wannan awo yana ninka ƙwayar halittar cuta sau biyu a kowane zagaye, kuma na'urar kan yi zagaye wajen 40. Idan aka sirka samfur ɗaya da wasu bakwai, ƙarfinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas, amma zagaye uku kacal suka isa su mayar da abin da aka rasa, tunda biyu sau biyu sau biyu takwas ne. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1990 rumbunan ajiyar jini a Jamus da Amurka suka rungumi awon haɗaka wajen neman ƙwayar sida da ta ciwon hanta a jinin da ake bayarwa. Ƙasashe ne masu kuɗi, amma ba su ga abin kunya a tattali ba.

Annobar korona ce ta fito da dabarar fili. A Gana, cibiyar bincike ta Noguchi da ke jami'ar Legon ta shiga haɗa samfur har goma-goma a farkon annobar, kuma kafin watan Afrilu na 2020 ya ƙare ƙasar ta auna sama da samfur dubu 100, adadin da ƙasashe kaɗan ne a nahiyar suka kai a lokacin. A Ruwanda, wani masanin lissafi ɗan Kamaru, Wilfred Ndifon, tare da Leon Mutesa da abokan aikinsu, sun tsara hanyar da ake raba kowane samfur cikin ƙunshi daban-daban, ta yadda za a gano mai cutar daga inda ƙunshin da suka nuna ta suka haɗu. Sun nuna cewa na'urar tana iya ganin samfur ɗaya mai cuta ko da an sirka shi cikin 100, kuma mujallar kimiyya ta Nature ta buga aikin. Indiya ta ba da umurni a rubuce tun watan Afrilu na 2020: kada ƙunshi ya wuce biyar, kuma kada a yi haɗaka inda masu cutar suka haura 5 cikin 100. A jihar Nebraska ta Amurka an fara haɗa biyar-biyar a watan Maris, da cutar ta yawaita sai aka daina, domin lissafin ya daina biya. Birnin Wuhan na ƙasar Sin ya auna mutum kusan miliyan 10 tsakanin 14 ga Mayu da 1 ga Yuni na 2020, ya samu 300 masu ɗauke da ƙwayar ba tare da alamar ciwo ba. Wannan na ƙarshen abin mamaki ne amma ba abin koyi ba ne ga Nijar: an yi shi da dukiya da ƙarfin iko irin wanda babu a nan, kuma ba a fatan ikon ma ya zo. Misalin Gana da na Indiya su ne suka fi kusa da halin da ake ciki.

A Nijar an tabbatar da mutum na farko mai korona ranar 19 ga Maris 2020 a Yamai, kuma nauyin awon farko ya faɗa kan cibiyar CERMES. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 600 ce, daga Damagaram kusan 900, daga Difa fiye da 1300. Annobar ta zo wa ƙasar da sauƙi idan aka kwatanta da wasu wurare. Sauƙin nan rahama ce, ba shiri ba ne, kuma babu wanda ya rattaba hannu cewa ta gaba za ta zo da irinsa.

Ga kuma abin da ƴan kasuwa suka fi kowa sani: babu kwalba ɗaya ta sinadarin awo da ake ƙerawa a cikin ƙasa. Duka daga waje suke zuwa, da kuɗin waje, ta tashar ruwan wasu. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 suna tune da yadda kuɗin magani ya ninka cikin dare ɗaya. Waɗanda ba su ga wancan ba sun ga takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da kaya suka maƙale a hanyar Kwatano, magunguna a cikinsu. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da yawancin agajinta na ƙetare, abin da ya girgiza shirye-shiryen kiwon lafiya a faɗin Afirka. Ƙasar da ke kiran sunan ƴancin kai safe da yamma, amma kayan awon cututtukanta suna hannun mai ba da taimako, dole ta koyi yadda kwali ɗaya zai yi aikin kwali biyu.

Inda abin ya fi bayyana shi ne tarin fuka. Tun watan Disamba na 2010 OMS ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cutar a cikin kaki ƙasa da awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar tana jin babban maganin ko ba ta ji. Kowane awo yana cin ɗan kwanso guda wanda ba a sake amfani da shi. Daga 2012 kuɗinsa dalar Amurka 9,98 ne ga ƙasashe matalauta, a watan Satumba na 2023 aka rage zuwa 7,97, wato ƙasa kaɗan da jikka biyar ta sefa. A 2015 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Abuja, inda aka haɗa kakin mutum huɗu-huɗu, aka samu cewa za a iya tsimin kusan kashi 30 cikin 100 na kwansunan, kuma masu cutar kaɗan ne ƙwarai suka kuɓuce. Kashi 30 ba abin rainawa ba ne. Ma'anarsa ita ce da kuɗin auna mutum 70 an auna 100. Kuma tarin fuka cuta ce da ake fita nemanta, ba a jira ta kawo kanta: a gidajen kaso inda ake kwana kafaɗa da kafaɗa, a ramukan zinariya irin na Jado da Komabangu inda ƙura ke cin huhun samari, a gidan da aka samu mai tari ɗaya alhali yara goma ke kwana ɗaki guda da shi. A irin wannan nema, mafi yawan waɗanda za a auna ba su da cutar, kuma nan ne lissafin Dorfman ya fi kawo riba.

Haka ma sida. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 0,4 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ƙwayar. Masu shan magani suna bukatar a riƙa auna yawan ƙwayar a jininsu lokaci-lokaci, kuma ga wanda ke shan maganinsa daidai, awon kan fito babu komai. Awo mai tsada wanda amsarsa galibi "babu" ce, shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri haɗaka dominsa. Jinin da ake ƙara wa mata masu haihuwa da yara masu masassara shi ma haka ne: bayan an tace shi da awon gaggawa an fitar da wanda ya nuna cuta, ragowar za a iya haɗa shi a yi masa awo mai kaifi, wanda ke kama ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan, awon da ba za a iya biya wa kowace leda ita kaɗai ba.

Sai dai duk wanda ya ce dabarar nan maganin kowace cuta ce, yaudara yake yi. A watan Agusta da Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika gidajen likita, yaro mai zafin jiki ba ya bukatar haɗaka: masu cutar sun yi yawa, ga kuma ɗan awon gaggawa mai araha da ke ba da amsa cikin minti 15. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankin Sahel har ribar haɗakar ba ta taka kara ta karya ba. Sanƙarau kuwa ba ya jiran zagaye na biyu. Wanda wuyansa ya sanƙare magani yake bukata a wannan sa'ar. Ƙa'idar a fili take: haɗaka ta masu yawa ce waɗanda ake zaton lafiyarsu lau, ba ta majinyacin da ke kwance ba ce. Kuma ko a inda ta dace akwai farashin da ake biya. Mutumin da ƙwayar ke da ƙaranci ƙwarai a jikinsa yana iya ɓacewa cikin ƙunshi, a sallame shi a ce lafiya lau. Wannan gaskiya ce da ya wajaba a faɗa wa jama'a. Abin da za a auna shi ne wanne ya fi muni: a rasa mutum ɗaya ko biyu cikin waɗanda aka auna, ko a bar ɗaruruwa waɗanda ba a taɓa aunawa ba sam saboda kwanso ya ƙare tun watan Yuni.

Babban haɗarin ma ba a cikin na'ura yake ba, a cikin rajista yake. Awon haɗaka aikin magatakarda ne kafin ya zama aikin likita. Dole kowace kwalba ta samu lamba, a rubuta wace lamba ta shiga wane ƙunshi, a ajiye ragowar kowane samfur cikin sanyi har amsar farko ta fito. Idan lamba ɗaya ta rikice, an ɗora wa mai lafiya cuta, an sallami mai cuta ya koma cikin iyalinsa. Idan wuta ta ɗauke, firjin ya huce, ragowar ta lalace, sai a sake kiran mutum goma daga ƙauyukansu, kuma ba duka za su dawo ba. Ma'aikacin da ya yi shekaru a ofis ya san yadda takarda ke ɓata tsakanin tebur biyu da ke ɗaki ɗaya. Wanda ke haɗa samfur 400 a yini, da hannu, cikin zafin watan Afrilu, yana bukatar horo, da mataimaki, da albashin da ke zuwa kan lokaci. Tattalin da aka gina kan gajiyar ma'aikaci ɗaya ba zai daɗe ba.

Akwai wasu cututtukan guda biyu da ba na jiki ba, waɗanda su ma sai an yi musu rigakafi. Na farko shi ne alfarma. Ranar da aka fara haɗaka, za a samu mai babbar riga da zai ce jininsa ba zai gauraya da na talakawa ba, a ware masa kwanso shi kaɗai. In aka buɗe wannan ƙofa, jama'a za su ɗauka cewa haɗaka awon marasa galihu ne, su ƙi ta, kuma ba za a ga laifinsu ba. Likita ne kaɗai zai ce wannan a auna shi daban, bisa alamun ciwo, ba bisa muƙami ba. Na biyu shi ne inda rarar za ta tafi. Idan an tsimi kwanso 30 cikin 100, to a ga mutum 30 ko fiye da aka ƙara aunawa. Idan kuwa abin ya zama hujjar rage kasafin ɗakunan awo, ko kwansunan da suka yi saura suka bi ta ƙofar baya zuwa kilinik masu zaman kansu, to an sirka samfurin talaka ne don wani ya gina bene.

Abin da ake bukata daga ma'aikatar kiwon lafiya bai fi ƙarfinta ba, kuma ba ya jiran taron masu ba da agaji. Takarda ce ta umurni, irin wadda Indiya ta fitar cikin makonnin farko na annoba, mai faɗin cututtukan da aka yarda a yi wa haɗaka, da iyakar girman ƙunshi, da adadin da in masu cutar suka haura shi za a koma awon ɗaya-ɗaya. Kafin a sa mata hannu, a gwada a ɗakunan awo biyu ko uku, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, a auna samfur guda ta hanyoyin biyu a ga nawa ke kuɓucewa da kayan aikin da ake da su a nan, da zafin nan, ba da na Turai ba. Jami'o'in Abdu Mumuni da Ɗan Dikko Ɗankulodo suna da malaman lissafi da ɗaliban likitanci da za su iya wannan aiki. Sannan kowane wata uku a buga alƙaluma uku a fili, jaha-jaha: mutum nawa aka auna, kwanso nawa aka kashe, kwana nawa amsa ta ɗauka kafin ta koma ga mai ita. Duk ɗan kasuwar da ya ga waɗannan lambobi uku zai gane da kansa ko an yi tattali ko an yi sata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2020 ƙasashen da suka ci ribar haɗaka su ne waɗanda suka riga suka mallaki ma'aikatan da hannunsu ya saba da irin wannan aiki. Nijar tana da nata: waɗanda suka yi aikin makantar kogi shekara da shekaru, da masu kula da na'urorin tarin fuka a jahohi, da waɗanda suka kwana a ɗakin awo lokacin korona. Da yawansu suna kusa da ritaya, wasu kuma kwangilarsu ta ƙare tare da kuɗin shirin da ya ɗauke su. Ma'aikatar tana da sunayensu a rajistarta, kuma daga cikinsu ya kamata a zaɓi waɗanda za su rubuta takardar umurnin su kuma horar da na baya.